Louise Pearce (1885–1959): Likitar da Ta Auna Gubar da Aka Yaƙi Ciwon Barci da Ita a Ƙasar Zazzau

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi rayuwar Louise Pearce, likita Ba'amurkiya wadda ta fara gwada maganin Tryparsamide a jikin ɗan Adam a 1920. Maganin haɗi ne na sinadarin asinik, kuma shi ne aka yi wa ɗimbin talakawan Lardin Zazzau allurarsa a shekarun 1930, lokacin annobar ciwon barci. An duba yadda binciken sinadarai ya bambance asinik mai kisa da asinik mai magani, da rawar da awon Pearce ya taka, da abin da ya sami awon bayan ya bar hannunta.

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin Zazzau na zamanin Turawa ya san Takalafiya, garin da aka gina kusa da Anchau a ƙarshen shekarun 1930 domin raba mutane da ƙudan tsando. An yi rubuce-rubuce a kan saran kurmi da haƙa rijiyoyi da tashin ƙauyuka. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ruwan da ke cikin allurar da aka riƙa yi wa waɗanda aka samu da cutar. Ruwan nan asinik ne, wato gubar da Turai ta daɗe tana tsoro a matsayin makamin masu kisan mummuƙe, wadda littattafan tibbu na Larabci suka sani da sunan zarnik. Yadda aka yi wannan guba ta zama abin da hukuma ke tara jama'a a ƙofar gidan dagaci domin a zuba musu a jijiya, labari ne da ba zai cika ba sai da rayuwar wata mace da ta yi aikinta nesa da ƙasar Hausa.

2.0 Tasowarta

An haifi Louise Pearce ranar 5 ga Maris, 1885, a garin Winchester na jihar Massachusetts a Amurka. Iyayenta sun yi ƙaura zuwa Kalifoniya tana ƙarama, kuma a can ta yi karatu har ta sami digirin farko a Jami'ar Stanford a 1907, a fannin nazarin aikin gaɓoɓin jiki. Ta fara karatun likita a Boston, daga baya ta koma Jami'ar Johns Hopkins, inda ta kammala a 1912. Wannan makaranta tana karɓar mata ne tun buɗe ta a 1893, domin attajirar da ta ba da kaso mai tsoka na kuɗin kafa ta, Mary Elizabeth Garrett, ta gindaya hakan a matsayin sharaɗi. A 1913 Pearce ta kama aiki a Cibiyar Binciken Likitanci ta Rockefeller da ke New York, ƙarƙashin shugabanta Simon Flexner. A nan ta yi shekara 38.

3.0 Asinik kafin zuwanta

Farin asinik gari ne marar wari, kusan marar ɗanɗano, kuma abin da bai kai rabin giram ba yana iya kashe babban mutum. Alamominsa, wato amai da gudawa da murɗar ciki, sun yi kama da na cututtukan da aka saba gani, shi ya sa ya zama abokin sirrin masu gaggawar cin gado. Wanda ya fara toshe wannan kafa shi ne James Marsh, masanin sinadarai a Ingila, wanda ya wallafa hanyar gwajinsa a 1836. Akan zuba abin da ake zargi a kan tutiya da asid. Idan akwai asinik, sai ya tashi a matsayin iska, a ƙona ta, a tara farantin tangaran mai sanyi a kan harshen wutar, sai wani baƙin tabo mai ƙyalli kamar madubi ya kwanta a jikinsa. Shari'ar Marie Lafarge a Faransa a 1840, inda masanin guba Mathieu Orfila ya yi amfani da gwajin a kan gawar mijinta, ita ce ta yayata shi. Gwajin yana da makusa guda: sinadarin antimoni ma yana barin irin wannan tabo, sai an wanke da ruwan bilic, na asinik ya narke na antimoni ya zauna. Masu nazarin ƙamusoshin Hausa za su tuna cewa da antimoni aka saba fassara tozali, alhali dutsen da ake niƙawa a kasuwanninmu galibi na dalma ne.

A daidai lokacin da masu shari'a ke neman asinik a cikin gawa, likitoci suna ba da shi a cokali. A 1858 David Livingstone ya ba da shawarar a gwada shi a kan dabbobin da tsando ya ciza, wato masu sammore. Shekaru kaɗan bayan haka Antoine Béchamp a Faransa ya dafa asinik da sinadarin anilin, wanda ake yin rini da shi, ya sami wani haɗi da daga baya aka sayar da sunan Atoxyl, ma'ana marar guba. Sunan ya fi abin kyau. A 1905 Thomas da Breinl a Liverpool suka nuna yana kashe ƙwayar ciwon barci a jikin dabbobi, Robert Koch kuma ya kai shi tsibiran Tafkin Biktoriya a 1906, inda ya ga yana taimakawa a farkon ciwo, amma wasu daga cikin majinyatan suka makance.

A nan ne binciken sinadarai ya sake shiga maganar. Béchamp ya ɗauka asinik ɗin yana maƙale ne ta gefen naitirojin, irin ɗaurin da ke saurin kwancewa. A 1907 Paul Ehrlich da Alfred Bertheim a Jamus suka tabbatar cewa kai tsaye yake ɗaure da zoben kabon, gefen naitirojin kuwa a sake yake. Gyaran ya yi kama da ƙaramin saɓani na malamai, amma shi ya buɗe ƙofa, domin gefen da ke sake ana iya rataya masa abubuwa iri-iri a sami ɗaruruwan sababbin haɗe-haɗe. Daga nan Salvarsan, maganin tunjere, ya fito a 1910. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe hanyar magungunan Jamus, buƙatar Amurka ta haɗa nata ta ƙaru.

4.0 Aikin mutum huɗu

Flexner ya haɗa mutum huɗu. Walter Jacobs da Michael Heidelberger su ne masu haɗa sinadarai, Wade Hampton Brown da Louise Pearce kuma su ne masu gwadawa a kan ɓeraye da zomaye da sauran dabbobi. An haɗa nau'o'in asinik fiye da 200. Aikin Pearce a wannan zango aiki ne na haƙuri: a sa wa dabba cutar, a jira ta kama, a auna magani daidai da nauyin jikinta, a rubuta adadin da ke warkarwa da adadin da ke kisa, a sake. Tazarar da ke tsakanin waɗannan adadi biyu ita ce dukan abin da ake nema. Zomo ya fi ɓera amfani a nan, domin cutar takan daɗe a jikinsa ta shiga tsoka da gaɓoɓi, kamar yadda take yi wa mutum. A 1919 suka wallafa sakamakon haɗin da ya yi zarra, wanda aka raɗa wa Tryparsamide.

Ya kamata a tsaya a kan abin da wannan gari ya ƙunsa. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa asinik ne. Allurar babban mutum takan kai giram 2 zuwa 3, wato a zama ɗaya ana zuba masa rabin giram na asinik ko fiye, adadin da da farin asinik ne da sai dai a haƙa kabari. Dalilin da ya sa bai kashe ba yana cikin siffar sinadarin. Asinik yana da fuska biyu: mai hannu biyar da mai hannu uku. Mai hannu uku shi ne mugun, domin yana damƙe farar wutar da ke jikin sunadaran da ƙwayoyin halitta ke sarrafa abinci da su, ya tsayar da aikinsu. Tryparsamide yana shiga jiki ne da hannu biyar, a ɗaure da zoben kabon, mafi yawansa ya fita ta fitsari, ɗan abin da ya rage kuma jiki ya riƙa mayar da shi mai hannu uku sannu a hankali. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke kashe ƙwayar cutar, wadda ta fi ɗan Adam rauni ta wannan gefe. Sai a 1985 Alan Fairlamb da abokan aikinsa suka gano wani sinadari mai farar wuta da ƙwayar ta keɓanta da shi, wanda asinik ke kamawa. Su Pearce sun yi aiki da sakamako ne tun ba a san dalili ba.

Babbar falalar maganin ita ce yana ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ciwon barci mataki biyu gare shi. A na farko ƙwayar tana cikin jini da kaluluwa, majinyaci yana fama da zazzaɓi da ciwon kai da kumburin bayan wuya. A na biyu ta shiga ƙwaƙwalwa, barci ya rikice, hali ya canza, jiki ya rame, daga nan sai mutuwa. Kafin 1920 wanda ya kai mataki na biyu kusan an gama da shi.

5.0 Kwango, 1920

Dabba ba mutum ba ce, saboda haka dole a je inda cutar take. Pearce ce ta tafi. A 1920, tana da shekara 35, ta sauka Léopoldville, wato Kinshasa ta yau, a Kwango ta Baljiyam, ta yi watanni tana aiki da asibiti da ɗakin gwaje-gwajen garin. Ta bibiyi majinyata 77, wasu a farkon ciwo, wasu sun riga sun kwanta.

Abin da ya bambanta aikinta da na waɗanda suka gabace ta shi ne tsari. Ta gwada allura ɗaya da allurai da yawa, ƙaramin awo da babba, ta jijiya da ta tsoka. Takan tsaga kaluluwa ta duba a madubin likita kafin allura da bayanta, ta ga ƙwayoyin sun ɓace cikin sa'o'i. Takan ɗebi ruwan laka ta ƙirga fararen ƙwayoyin da ke ciki, domin yawansu shi ke nuna cutar ta kai ƙwaƙwalwa, raguwarsu kuma ita ce shaidar magani ya isa can. Mutanen da aka kawo a kwance suka miƙe, suka yi ƙiba, hankalinsu ya dawo. Rahoton da ta wallafa a 1921 bai ɓoye aibin maganin ba: wasu majinyata, musamman waɗanda ciwonsu ya yi nisa, ganinsu ya dushe, domin haɗin yana taɓa jijiyar gani kamar yadda Atoxyl ke yi, ko da yake bai kai shi ba. A ganin mai wannan maƙala, wannan sashe na rahoton ya fi komai nuna darajarta a matsayin mai bincike. Ta nuna cewa lafiyar ido ta rataya ne a kan yawan awo da tazarar allurai da kuma sauraren majinyaci idan ya ce yana ganin hazo.

Gwamnatin Baljiyam ta ba ta lambar girmamawa bayan dawowarta. A 1953 aka ƙara mata da kyautar Sarki Leopold na Biyu tare da dala 10,000. Ba a rasa abin ɗaci a sunan kyautar, domin mulkin wannan sarki, da aikin tilas na tatsar roba da ɗaukar kaya da ya tarwatsa jama'ar Kwango, yana cikin abin da masana tarihi ke dangantawa da bazuwar cutar tun farko.

6.0 Allurar ta iso Zazzau

Shekara goma bayan tafiyar Pearce, annobar ta bayyana a Arewacin Nijeriya. Masu bincike sun danganta ta da sauyin zama. A ƙarni na 19 tsoron hari ya tattara mutane a garuruwa masu ganuwa, kewayensu kuma gonaki ne da aka share, inda tsando ba ya samun inuwa. Birnin Zariya da ƙofofinsa, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, shi ne babban misalin wannan zama. Da hari ya ƙare, manoma suka bazu cikin daji suka kafa ƙananan tungaye a bakin rafuffuka, inda mace mai ɗiban ruwa da yaro mai wanka ke haɗuwa da ƙudan kullum a mashigi guda. Jirgin ƙasa da ya iso Zariya a 1911, da reshen da ya tashi daga nan zuwa ma'adinan kuza na Jos, suka riƙa ɗaukar masu cutar daga wannan yanki zuwa wancan.

Gwamnati ta kafa ma'aikata ta musamman domin ciwon barci, wadda Dokta H. M. O. Lester ya jagoranta. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutum fiye da miliyan 3 a Arewa, aka sami masu cutar kusan 400,000. A gundumar Anchau, gabas da birnin Zariya, a Ƙaramar Hukumar Kubau ta yau, binciken tsakiyar shekarun 1930 ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na jama'a suna ɗauke da ita. Tsarin aikin shi ne a aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagatai da masu unguwanni, a tara kowa da kowa a rana guda. Ma'aikata 'yan ƙasa da aka horar su shafa wuyan mutum, in sun ji kaluluwa su tsaga su duba. Wanda aka samu da ƙwayar sai a rubuta sunansa, a fara masa da allurar Bayer 205, maganin Jamus marar asinik wanda ke share jini, sannan a bi da jerin alluran Tryparsamide. Dokar ciwon barci ta 1937 ta mayar da zuwa dubawa da karɓar magani da saran bakin rafi wajibi. A wannan shekara ce Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya zama Sarkin Zazzau, kuma ta hannun En'e da ke cikin birni umarnin ke sauka ƙauyuka.

A nan ne gizo ke saƙar. Awon da Pearce ta fitar ta fitar da shi ne a kan mutum 77 da ta san nauyinsu, ta ga ruwan lakarsu, take tambayarsu halin idanunsu. Wanda ke da layin mutum ɗaruruwa a gabansa, da jakar magani da sirinji kaɗan, ba shi da wannan sarari. Abin da ya faru a Bafia ta ƙasar Kamaru ya nuna iyakar haɗarin: wani matashin likita a rundunar Eugène Jamot ya ninka awon da aka ƙayyade, wajen mutum 700 suka makance, lamarin da ya jawo wa Jamot kansa hukunci a 1931. Maganin ɗaya ne da wanda ya tayar da majinyatan Léopoldville daga kwance. Bambancin giram ne.

Duk da haka ba adalci ba ne a musanta abin da allurar ta yi a Arewa. Yawan masu cutar ya faɗi ƙwarai kafin ƙarshen shekarun 1940. Sai dai Lester da abokan aikinsa sun gane da wuri cewa wanda aka warkar, in ya koma mashigin da tsando ke jiransa, an yi ba a yi ba ke nan. Wannan ne ya haifar da shirin Anchau, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya kula da shi: aka sare bakin rafuffuka a wani zirin ƙasa mai faɗin kusan murabba'in mil 700, aka tayar da ƙananan tungaye aka haɗe su, aka gina Takalafiya. Shekara ashirin bayan haka masanin halayyar al'umma Horace Miner ya zauna a Anchau, ya tarar ana ci gaba da saran rafi duk shekara, amma galibi saboda umarnin sarakuna, domin bayanin da ya ɗora laifin a kan ƙuda bai shiga zukatan mutane ba. Akwai aiki a nan ga masu nazarin al'ada da adabin baka. Jama'ar da aka yi wa layi aka soke su da allura a gaban dagaci ba za su rasa abin da suka faɗa a kai ba, a zaurance ko a waƙar daka ko a sunayen da suka laƙaba wa ma'aikatan, kuma jikokinsu suna nan a Anchau da Kubau da Ikara.

7.0 Sauran rayuwarta

Pearce ba ta tsaya a kan ciwon barci ba, ko da yake a 1930 ta wallafa littafi da ya tattara abin da aka gano game da maganin cikin shekara goma. Ita da Brown sun daɗe suna nazarin tunjere a jikin zomaye, kuma Tryparsamide ya zama maganin tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa har zuwa fitowar fenisilin. A cikin wannan aiki suka ci karo da wani ciwon daji a jikin zomo wanda ake iya dasawa daga wannan dabba zuwa waccan. Har yau da sunansu biyu ake kiransa, kuma ɗakunan bincike da yawa sun yi aiki da shi. Ta koyar a kwalejin likitanci ta Beijin a ƙasar Sin a 1931 zuwa 1932. A 1935 aka mayar da sashensu Princeton, inda suka tara zomaye masu yawa suna bin diddigin cututtukan gado. Brown ya rasu a 1942, ita ta ci gaba da aikin.

Cibiyar Rockefeller ta ɗaga ta zuwa matsayin mataimakiyar mamba a 1923, kuma a nan ta tsaya har ta yi ritaya a 1951. Shekara 28 ke nan a kujera ɗaya, ga macen da ta tafi Kwango ta dawo da sakamakon da cibiyar ta daɗe tana alfahari da shi. Daga 1946 zuwa 1951 ta shugabanci Kwalejin Likitanci ta Mata ta Pennsylvania. Ba ta yi aure ba. Ta zauna a wata gona a Skillman ta jihar New Jersey tare da likitar yara Sara Josephine Baker da marubuciya Ida Wylie.

Kafin ta bar aiki maganinta ya fara gajiya, domin a Kwango ƙwayar cutar ta soma jure masa. A 1949 Ernst Friedheim ya fito da Melarsoprol, wanda shi ma asinik ne, amma mai hannu uku, an lulluɓe shi da maganin gubar asinik da masana Jami'ar Oxford suka haɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fi Tryparsamide ƙarfi, ya kuma fi shi haɗari, domin yakan kashe kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. A 1951 aka buɗe cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda Nash ya shugabanta daga baya. Asinik bai bar fagen maganin irin ciwon barcin da ke yankinmu ba sai bayan 2009, da aka sami haɗin magunguna biyu marasa shi, sannan ƙwayar haɗiya ta Fexinidazole ta biyo baya a 2018.

Louise Pearce ta rasu a New York ranar 10 ga Agusta, 1959, tana da shekara 74. A wannan shekara ce Sarkin Zazzau Ja'afaru ya rasu, Muhammadu Aminu ya gaje shi.